Jam'iyyar ma'aikata ta wa ce?

A nan Ingila akwai wata 'yar ƙaramar jam'iyya mai suna TUSC, haɗakar 'yan ƙwadago da masu ra'ayin gurguzu. Ba ta taɓa cin kujera ko ɗaya a majalisar dokokin ƙasa ba, kuma galibin abokan aikina ba su ma san da zamanta ba. Duk da haka ina ganin NLC tamu, uwar ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, za ta fi ƙaruwa da nazarinta fiye da nazarin babbar jam'iyyar Labour da ta karɓi mulki a 2024.

Asalinta daga titin jirgin ƙasa ne. Ƙungiyar ma'aikatan jirgi tana cikin waɗanda suka aza harsashin Labour a 1900. Amma a zamanin Tony Blair, magajiyarta RMT ta ga jam'iyyar ta ƙi dawo da jiragen da aka sayar wa 'yan kasuwa, ta kuma bar dokokin tsohuwar Firayim Minista Margaret Thatcher da suka ɗaure yajin aiki yadda suke. Rikici ya yi tsami har Labour ta kori RMT a 2004. Shugaban RMT Bob Crow ya ce tunda haka ne ma'aikata su sake sabon gini, aka kafa TUSC a 2010. Manufofinta ba su da yawa, kuma ba su sauya ba: a dawo da jirgin ƙasa, ruwa da wuta hannun gwamnati, a soke dokokin hana yajin aiki, ƙananan hukumomi su gina gidajen haya masu sauƙi. Sai sharaɗin da ya fi burge ni, cewa duk kansilan da ya ci zaɓe a inuwarta ba zai ɗaga hannu a zaftare kuɗin hidimar jama'a ba.

Wanda ya daɗe yana shugabancinta shi ne Dave Nellist, ɗan majalisa daga Coventry daga 1983 zuwa 1992. Da yake majalisa, albashin ƙwararren ma'aikacin masana'anta kawai yake ɗauka, sauran ya mayar ga harkar ƙwadago da taimakon jama'a. Har yau tsofaffin garin da wannan suke tuna shi.

Na sha ganin 'ya'yanta ranar Asabar a bakin kasuwa, da ɗan teburi mai naɗewa, an danne takardu da dutse don kada iska ta kwashe, ga bokiti ana jefa silalla. Da irin wannan karo-karon ake haɗa fam 500 da doka ta ce kowane ɗan takarar majalisa ya ajiye, wanda ba a mayar masa sai ya samu kashi 5 cikin ɗari. Kusan kullum kuɗin tafiya yake. A 2015 sun tsayar da mutum 135, ƙuri'unsu duka ba su kai dubu 40 ba. Da Jeremy Corbyn ya riƙe Labour sai suka janye daga zaɓen 2017 da 2019, domin abin da suke nema shi yake faɗa. Nan na gane manufa suke bi, ba kujera ba.

To, mu waiwaya gida. NLC ce ta yi rajistar jam'iyyar Labour a 2002, lokacin Adams Oshiomhole. Shi kansa da ya tashi neman gwamnan Edo, a AC ya tsaya. Olusegun Mimiko ya shigo ya zama gwamnan Ondo a 2009, ya koma PDP a 2014. Peter Obi ya baro PDP a Mayun 2022, cikin 'yan kwanaki ya samu tikiti, ya kwashi ƙuri'a fiye da miliyan 6 a 2023. Ban raina wannan ba. Amma shi ɗin ya fito fili ya ce zai cire tallafin mai, abin da NLC ta tsayar da ƙasa a kansa a Janairun 2012. Wa ya zaunar da shi ya karanta masa sharaɗi? Jam'iyyar ta zama motar haya, mai kuɗin shata ya hau, in ya isa ya sauka. A Maris ɗin 2024 sai ga NLC tana zanga-zanga a ƙofar hedikwatar jam'iyyar da ta haifa, tana neman a mayar mata da kayanta. Wallahi abin ya ba ni takaici.

Wani zai ce me amfanin tsarkin da bai cin zaɓe? Tambayar tana da nauyi. Ita kanta RMT ta janye daga TUSC a 2022. Sai dai tsarin zaɓen Birtaniya yana danne ƙananan jam'iyyu, alhali mu mun taɓa ganin talaka ya ci da jam'iyyarsa: PRP ta Malam Aminu Kano ta kawo Kano da Kaduna a 1979, da katin da mutane suka saya da kuɗin guminsu.

NLC tana da malaman makaranta, ma'aikatan jinya da na ƙananan hukumomi a kowace jiha. Ta mayar da su 'yan jam'iyya masu kati, masu biyan kuɗin wata, masu zaɓen shugabanni tun daga mazaɓa. Ta rubuta sharaɗinta kan mafi ƙarancin albashi, fansho da kuɗin wuta, duk mai son tikiti ya sa hannu a gaban jama'a kafin a miƙa masa fom. Ta kuma fara da kujerar kansila da majalisar jiha kafin ta hango fadar Aso Rock.