Diori Hamani da ƙuri'ar 1958: inda aka fara kuskure a Nijar

Ana bikin 3 ga Agusta 1960 a matsayin ranar da Nijar ta samu 'yancin kai, amma an yanke makomar ƙasar tun ranar 28 ga Satumba 1958, ranar ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle kan ko yankunan mulkin mallaka za su ci gaba da zama cikin tarayya da Faransa. A lokacin Djibo Bakary ne ke jan ragamar gwamnatin yankin, kuma jam'iyyarsa ta Sawaba ta ce a kaɗa "a'a" a karɓi 'yanci nan take, kamar yadda Gini ta yi. Sawaba ba ƙaramar jam'iyya ba ce: tana da direbobi, 'yan ƙwadago, ƙananan 'yan kasuwa da talakawan Maraɗi da Damagaram. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, ana saura makonni a yi zaɓe. Ya jawo sarakunan gargajiya, ya sa hukuma ta yi wa "i" aiki. "I" ta yi rinjaye da kusan kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 ba.

A watan Disamba Diori Hamani na jam'iyyar PPN-RDA, tsohon malamin makaranta, ya hau shugabancin gwamnati. A 1959 aka haramta Sawaba, Djibo ya yi gudun hijira. Daga nan mulki ya taƙaita a hannun mutum uku: Diori, Boubou Hama a majalisa, da Diamballa Maiga a ma'aikatar cikin gida. Da Sawaba ta ɗauki makami a 1964, aka murƙushe ta da tsanani, har da harbe mutane a bainar jama'a. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi a Yamai, Allah ya tsare shi. Zaɓen 1965 da na 1970 shi kaɗai ya tsaya.

Diori yana da abin yabo, kuma a faɗa. Lokacin yaƙin Biyafara ya tsaya da gwamnatin tarayyar Najeriya, alhali Faransa na goyon bayan ɗaya ɓangaren. Da aka fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, ya matsa wa Faransa lamba ta ƙara kuɗin da take biya. Ba kowane shugaba na zamaninsa ya yi wannan ƙarfin hali ba.

Amma a ganina rashin 'yan adawa ne ya cinye shi. Fari ya shigo tun 1968, ya yi tsanani a 1973. Dabbobi suka mutu, gyaɗar da ƙasar ta dogara da ita ta faɗi, makiyaya suka cika sansanoni a gefen Yamai. Wa zai tashi a majalisa ya ce a sassauta haraji da jangali? Wa zai tambayi inda hatsin taimako ke zuwa, bayan jama'a na ganinsa a kasuwa? Duk wanda zai iya buɗe baki ko yana kurkuku, ko yana waje, ko yana cin abinci a jam'iyya. Ɗalibai da malamai ne kawai suka yi ta yajin aiki.

Daren 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnati, aka kashe uwargidan shugaban, Hajiya Aissa. Sojojin Faransa na nan Yamai, da yarjejeniyar tsaro tun 1961, amma ba su motsa ba. Diori ya yi shekara shida a tsare, ya rasu a Rabat a 1989.