Kafin a sauya tambari, a gano abin da idon mai saye ya riƙe

A watan Agustan 2025 kamfanin gidajen cin abinci na Cracker Barrel a Amurka ya fito da sabon tambari. An cire dattijon nan da ke zaune a kujera ya jingina da ganga, aka bar sunan kamfanin kaɗai a kan fili mai ruwan ɗorawa. Cikin kusan mako guda kamfanin ya janye, ya dawo da tsohon. Haka Gap, mai sayar da tufafi, ta yi a Oktoban 2010: ta ajiye akwatinta mai shuɗi da dogayen fararen haruffa, ta kawo baƙin rubutu da ɗan ƙaramin murabba'i a gefe, ba ta cika mako ba ta koma gidan jiya.

Duk lokacin da irin haka ta faru sai a ce zanen ne bai yi kyau ba. Ni ban yarda ba. Yawancin tamburan da jama'a suka ƙi sun fi tsofaffin tsabta idan mai zane ne zai yi hukunci. Abin da ya kayar da su shi ne abin da aka cire, wato ɓangaren da mai saye yake gane kayan da shi tun kafin ya karanta harafi ɗaya.

Tropicana ce ta fi nuna wannan a fili, domin ita asararta a kuɗi aka ƙirga ta. A farkon 2009 aka sabunta kwalin ruwan lemonta. Lemon nan da aka soka wa tsinken zuƙa, wanda ya daɗe a gaban kwalin, ya ɓace, aka sa hoton kofi cike da ruwan lemo. Sunan ma aka juya shi a tsaye a gefe, sai mutum ya karkata kai kafin ya karanta. Cikin ƙasa da wata biyu cinikin wannan samfurin ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, kamfanin ya mayar da tsohon kwali. Ruwan da ke ciki bai canza ba. Mutane dai suna zuwa gaban kanta, su duba inda lemo mai tsinke yake, ba su gan shi ba, su ɗauki wani. Garin neman gira aka rasa ido.

A kwatanta da Mastercard. A 2016 ta rage wa tambarinta kaya sosai, ta cire layukan da ke sarƙe da'irorin biyu da inuwar rubutu, amma ja da ruwan ɗorawa masu shiga juna ba ta taɓa su ba. A 2019 ta cire sunanta ma daga tambarin a wurare da yawa, bayan ta ce bincikenta ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mutane suna gane da'irorin ba tare da suna ba. Abin da ta zubar ya fi na Gap yawa, amma babu wanda ya rasa katinsa a ido.

Za a ce hayaniyar intanet ba ma'auni ba ce, kuma gaskiya ne. An yi wa Airbnb, manhajar hayar masauki, dariya kan sabon tambarinta a 2014, an yi wa Instagram a 2016, dukansu suka yi kunnen uwar shegu, yau ba mai tuna tsofaffin. Sai dai a lura da abin da Instagram ta bari: murabba'i mai zagayayyun kusurwoyi, da'ira a tsakiya, ɗigo a sama. Kamarar tsohon tambarin tana nan. Saboda haka kamfani bai kamata ya auna nasara da yawan zagi ko yabo a rana ta farko ba. Tambayar ita ce ko mai saye zai iya gano kayan cikin daƙiƙa biyu.

Wannan kuwa abu ne da ake gwadawa, kuma da arha, kafin a biya mai zane ko kwabo. A ɗauki tsohon tambari a rarraba shi: launi daban, siffa daban, hoton mutum ko dabba daban, salon haruffa daban. A rufe sunan, a nuna wa mutanen da ke sayen kayan kowane ɓangare shi kaɗai na ɗan lokaci kaɗan, a tambaye su na wane ne. Ma'aikatan kamfani ba sa shiga wannan gwaji, domin su kullum suna kallon tambarin, su ne kuma suka fi kowa saurin gajiya da shi. Duk ɓangaren da mafi yawa suka gane ba tare da suna ba, a rubuta shi cikin takardar umarnin mai zane a matsayin abin da za a iya gyarawa amma ba za a cire ba. Sauran kuwa mai zane ya yi yadda ya ga dama.

Idan sabon zane ya fito, kuskuren da aka fi yi shi ne duba shi a kan babban allo, shi kaɗai, a kan farin fili. Babu mai saye da zai taɓa ganinsa a haka. A buga shi a ainihin girmansa, a jera shi tsakanin kayan abokan hamayya, a ja baya kamar mita uku. A rage shi zuwa fiksel 16 a tsawo da faɗi, girman ɗan hoton da ke kan shafin burauza, a kuma sa shi cikin da'irar da kafofin sada zumunta ke yanke hoto da ita. A ba wanda bai san kamfanin ba ya karanta sunan da ƙarfi. Da an yi wannan na ƙarshen da gaske, da Kia ta hango matsalar tambarinta na 2021, inda aka haɗe haruffan aka cire sandar tsakiyar A, har mutane suka riƙa neman motar "KN" a Google.

Sai gwajin launi ɗaya: baƙi a kan fari, fari a kan baƙi. Tambarin da ya dogara da launi mai narkewa cikin wani yakan mutu a hatimi, a rasit, a zanen ƙarfe da kuma ɗinkin riga. Injin surfani ba ya fitar da layin da bai kai milimita ɗaya ba da kyau, haruffan da ba su kai milimita biyar ba kuma cunkushewa suke yi. Launin ma yana da nasa tarko. Allo yana haɗa launi da haske ta tsarin RGB, injin buga takarda yana haɗa shi da tawada huɗu ta CMYK, shi ya sa shuɗi ko kore mai ƙyalli a waya yakan fito a dushe a kan kwali. Dole a ƙayyade kowane launi da lambobinsa na RGB da CMYK da Pantone (kundin launukan tawada masu lamba), a kuma ga samfurinsa a kan takarda mai sheƙi da mara sheƙi, domin tawada ɗaya fuska biyu take nunawa a kansu. Kada a bambanta abu biyu da ja da kore kawai, tun da kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu yana da matsalar rarrabe launuka.

Hujjar da aka fi kafawa wajen aske tambari har ya zama suna tsirara ita ce ƙanƙantar allon waya. Hujja ce mai ƙarfi, amma maganinta shi ne a yi tambari hawa-hawa: cikakke don allon talla da kwali, matsakaici don takardu, da ƙaramar alama don manhaja. Dattijon Cracker Barrel bai dace da fiksel 16 ba, amma wannan bai zama dalilin cire shi daga bakin hanya ba.

Wajen karɓar aiki, a nemi fayil na SVG ko EPS wanda ake faɗaɗawa ba ya fashewa, an kuma mayar da haruffansa siffofi don kada su sauya a wata kwamfutar. A tabbatar lasisin salon rubutun ya halatta amfani da shi a tambari, kuma yarjejeniya ta mayar da haƙƙin mallakar zanen hannun kamfani a rubuce. A bincika rajistar alamun kasuwanci a ajin da ya dace cikin azuzuwa 45 na tsarin Nice, wanda ke rarraba kaya da ayyuka don rajista, kafin a buga allo ko ɗaya.

Tsohon tambarin ma ba a watsar da shi gaba ɗaya. A Tarayyar Turai ana iya soke rajistar alamar da ta shekara biyar ba a yi amfani da ita ba, a Amurka kuma shekara uku a jere kan isa a ɗauka an bar ta. Kamfanin da ke son riƙe tsohuwar alamarsa sai ya ci gaba da sa ta a kan wasu kayan da yake sayarwa da gaske, ya kuma adana rasit da hotunan da za su tabbatar da hakan.