Likitan da ya canza shawara bai kasa aikinsa ba

Abin yana damuna idan na ji ana cewa likitan da ya sauya shawarar da ya taɓa bayarwa, ko ya duba kwamfuta a gaban majiyyaci kafin ya rubuta magani, bai san aikinsa ba. Na fahimci dalili. Mai ciwo tabbaci yake nema, kuma wanda ya shafe shekaru yana karatu ana zaton komai yana kansa.

Sai dai ilimin likitanci bai tsaya cak ba. Kullum ana gwada magunguna, a kwatanta marasa lafiyar da suka sha da waɗanda ba su sha ba. Abin da sakamakon ya nuna shi likita ke bi, ko da ya saɓa wa abin da malamansa suka koya masa.

Dubi gyambon ciki. An daɗe ana ɗora laifin a kan damuwa da yawan asid, ana ba mutane madara da maganin rage asid, ciwon ya lafa, ya sake dawowa. A farkon shekarun 1980, likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke haddasa yawancinsa. Da aka ƙi yarda, Marshall ya sha ƙwayar cutar da kansa, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Yau likita gwajin ƙwayar yake fara yi. In an same ta, a haɗa maganin kashe ta da na rage asid na mako ɗaya zuwa biyu, kuma galibi ciwon ba ya dawowa.