Ƙaton amfilifaya ba shi ne kiɗa ba

Jiya wani ƙanina ya turo min hoton wani ƙaton amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, mai sifika biyu da ya gani a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjon nan ta Jidda, wai yaya in saya? Na ce masa a ina za ka kunna shi, a shiƙar taku, wato fulat ɗinku na hawa na uku, da in ka yi tari maƙwabci ke ce maka sannu?

Ni na riga shi faɗawa ramin nan shi ya sa nake magana. Shekarun baya na sayi Fender Twin Reverb na hannu, wat 85, nauyinsa kusan kilo 29, ga imararmu, wato benen da muke ciki, ba lif. Duk ranar da muke da biki a istiraha, gidan da ake haya don taro, sai na kinkimo shi daga sama ina nishi kamar ɗan dako, in cusa shi a but ɗin mota, ƙarfe 2 na dare in dawo a gajiye liƙis in sake haurawa da shi ina tsayawa a kowane hawa, yatsun da zan kaɗa jita da su duk sun yi kanta. A gida kuwa bolum ɗina bai taɓa wuce 2 ba, ranar da na kai 3 haris, mai gadin benen, ya zo ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Kuma shi amfilifaya mai tiyub irin wannan, wato mai aiki da ƙwayayen gilashi a ciki, sai an ɗan matsa masa yake sakin zaƙin muryarsa, to ka ga kuɗina na zuba a muryar da ban taɓa ji ba a ɗakina.

Abin da samarinmu ba su gane ba, wat ba shi ne ƙara ba. In ka ninka wat sau biyu desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙara, sai ka ninka sau 10 kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku. Kenan tsakanin wat 15 da 85 ƙarar ko ninki biyu ba ta kai ba wallahi. Kuma wane biki ne yanzu a Jidda ba mai sauti da mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta tura manyan sifikoki? Ya kafa maka mayik irin Shure SM57 a bakin sifika, shikenan, har ɓangaren mata sai an ji ka.

Yanzu Boss Katana 50 nake riƙe da shi, kilo 12 bai cika ba, hannu ɗaya shi hannu ɗaya jita. Yana da maɓallin rage ƙarfi zuwa rabin wat, da dare kuma in soka hedfon yara na barcinsu. Mai son tiyub dole ga Blues Junior nan, wat 15, sifika inci 12.

Ban ce ƙarami ba shi da aibi ba fa. In mai ganga hannunsa da nauyi, ga kalangu, kuma ba mikisa, wat 15 zai fara gurnani a inda kake son murya tas, shi ya sa ni na tsaya a 50. Sannan kar ka yarda da sifika 'yar inci 8 in dai za ka fita wasa da shi, a fili muryarta sai ka ce rediyon mai shayi.

Dan Allah kuma in na hannu ne ka duba bayansa, wanda aka shigo da shi daga Amurka na bolt 120 ne, ka soka shi a 230 ɗinmu sai dai ka ji ƙauri.

Twin ɗin dai yana nan a lungu uwargida ta ɗora masa kwandon wanki, mai so ya zo da dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, da ƙarti biyu.