Ba Hannuna Ne Ya Kashe Rassan Ba, Kayanku Ne

Masu sayar da kayan tsirar da reshe a intanet sun kai ni bango. Za ka ga hoton tire mai murfi, da tabarmar ɗumi, da kwalbar maganin saiwa, da fitila, an rubuta wai ko yaro zai iya: ka yanko reshe, ka tsoma, ka soka, kwana uku saiwa ta fito fara tas. Ka biya, kaya su iso, ka yanko rassan shukar da ka daɗe kana tattali, ka jera su a ɗaki. Ran da ka ɗaga murfi sai wari ya doke ka. Gindin kowane reshe ya yi baƙi ya yi laushi, kana taɓawa ya mutsuke a yatsunka. Da na rubuta wa wanda ya sayar mini, amsar da ya ba ni ita ce, "Malam, ai wasu hannunsu ba ya karɓar shuka." Haba! Wannan ai rainin hankali ne. Shuka ba ta san hannun kowa ba. Zafi ta sani, da danshi, da iska, da tsabta, kuma kayan nan sun ɓata duk huɗun.

Tabarmar ɗumin ita ta fi ƙona mini rai. Reshen da ba shi da saiwa yana son gindinsa ya zauna tsakanin digiri 22 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyas. Tabarmar da aka aiko mini ba ta da na'urar daidaita zafi, da ka jona ta sai ta yi ta hawa abinta. Na cusa ma'aunin zafi cikin abin da aka soka reshen, na ga ya haye digiri 30. A irin wannan zafi, ga jiƙa, ga murfi a rufe, dafa reshen kawai kake yi a hankali. Nan ne kuma ƙwayar cutar da ake kira Pythium take samun yadda take so, ta kama gindin reshe daga wurin yanka ta ruɓar da shi tun ganyen sama yana kore yana yaudararka. Wanda yake sayar da irin wannan tabarma ya san da haka sarai. Me zai hana ya rubuta layi ɗaya a jikin kwali cewa sai an haɗa ta da na'urar daidaita zafi?

Murfin kuma ko ƙofar iska ɗaya babu. Gaskiya ne reshe yana bukatar danshi mai yawa da farko, kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, domin ganye yana fitar da ruwa, saiwar da za ta mayar kuma babu. Amma iskar da ba ta motsi ita ke kawo fumfunar nan mai toka-toka da ake kira Botrytis a kan ganye. Shi ya sa murfin kirki yake da 'yan tagogi, kana buɗewa kaɗan-kaɗan har shuka ta saba da iskar ɗaki.

Sai maganin saiwa. Wallahi abin da ya ba ni takaici shi ne wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1935 masu bincike a Amurka suka nuna cewa sinadarin IBA, wanda ake sawa a maganin saiwa, yana sa reshe ya fitar da saiwa, kuma an daɗe da sanin cewa ƙarfinsa ya danganta da irin reshen. Mai taushi, irin na tumatir ko ɗaɗɗoya, kashi 0.1 cikin ɗari ya ishe shi, wasu ma kamar na'a-na'a a ruwa zalla suke yin saiwa. Wanda ya fara tauri yana son wajen 0.3, mai itace sosai har 0.8. Ka shafa wa reshe mai taushi mai ƙarfin, ka ƙona gindinsa. To kwalbar da aka turo mini babu adadin ƙarfi a jiki, babu ranar ƙarewar aiki, hatiminta ma a ɓalle yake. Ta yaya mutum zai san me yake shafawa? Kuma a bidiyon tallarsu, kai tsaye suke tsoma reshe cikin kwalbar, ɗaya bayan ɗaya. Reshe ɗaya mai cuta ya isa ya gurɓata maganin duka. Duk wanda ya san aikin zai ce maka ka zuba kaɗan a wani ƙaramin mazubi, ka zubar da ragowar, ka kuma goge reza da sifirit kafin yanka.

Gutsattsarin audugar dutsen nan da ake kira rokwul, waɗanda ake soka reshe a ciki, su ma haka aka watso su cikin leda babu bayani. Ba a ce a fara jiƙa su a ruwan da aka saukar da ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, zuwa wajen 5.5 ba, ba a ce kada a bar su zaune cikin ruwa a ƙasan tire ba. Saiwa sai da iska take fitowa, in wurin ya jiƙe sharkaf reshe shaƙewa yake yi. Fitilar kuwa mai ƙarfin gaske ce, ta shukar da ta girma, alhali sabon yanka haske mai sauƙi yake so na awa 16 zuwa 18.

Ƙaryar kwana uku ita ma ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Reshe mai taushi yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, na wardi da sauran masu itace kuwa sai an yi makonni. Amma tunda an ce wa mutum kwana uku, da wa'adin ya wuce sai ya fara zaro reshe yana dubawa, yana tsinka 'yan saiwoyin da ko ido bai gama ganinsu ba. Daga nan ya yarda cewa shi ne bai iya ba, ya haƙura da aikin gaba ɗaya, mai kaya kuma ya ci kuɗinsa ya share baki.

Abin da ba sa lissafawa shi ne mutum ba don wasa yake yankan reshe ba. Yana yi ne don yana son wannan shukar takamaimai, da irin furenta da ƙamshinta, abin da iri ba lallai ya maimaita masa ba. Na datse uwar shukar don in samu rassan nan, yanzu tana tsaye kwarkwar, sai na jira ta sake tofo kafin in samu abin yanka. Wa zai biya ni wannan?

Na nemi abu biyu: su mayar mini da kuɗina, su kuma sa takarda guda a cikin kwali mai ɗauke da zafin da ake bukata, da ƙarfin maganin, da ainihin kwanakin jira. Suka ce wai ba sa karɓar kayan da aka riga aka buɗe, suka rufe maganar. To in ban buɗe ba, ta ina zan san tabarmar tana dafa shuka? Na ɗauki hoton ma'aunin zafin yana cikin tire, da na kwalbar da babu rubutu, na shigar da ƙara a dandalin da suke tallar kayan, kuma ba zan janye ba sai an cire wannan talla ko an gyara ta.