Mota a Hannunka, Takarda da Sunan Wani

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Akwai wata Golf a layinmu, yau wata goma sha ɗaya tana ajiye ƙarƙashin darbejiya. Tayoyin gaba sun sace, awaki sun mai da gindinta makwanci. Lafiyarta ƙalau. Takarda ce ta kwantar da ita.

Mai ita, Allah Ya jiƙansa, hannun amininsa ya saye ta. A ƙofar masallaci suka yi ciniki bayan La'asar, aka ce Allah Ya sa albarka, aka miƙa makulli da ledar takardu. Ya ba da kaso mai tsoka, aka bar ciko sai bayan kaka. Babu rubutu, babu shaida. Shekara huɗu yana hawa, yana sabunta lasisi da sunan aminin, don yana jin nauyin ya ce masa zo mu je a canza suna.

Da aka zo rabon gado, ni aka sa na ɗauko ledar daga aljihun gaban motar. Takardun sun yi laushi, wata ma mai ya taɓa ta har tambarin ya dushe, amma sunan na nan raɗau, kuma ba na mamacin ba ne. Aminin kuwa ya riga shi komawa ga Allah da wata bakwai. 'Ya'yan aminin suka ce babansu ya faɗa musu akwai saura. Uwargidan mai motar ta rantse a gabanta aka ƙirga cikon. Ni dai ban ga maƙaryaci a cikinsu ba. Waɗanda suka san gaskiya ne duk suna ƙasa.

Ya ɗan uwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Allah Ya ce idan kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci sananne to ku rubuta, kada ku ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ya ɗauke laifi ga wanda bai rubuta cinikin hannu da hannu ba, amma nan take Ya ce ku kafa shaidu idan kun yi ciniki. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin shiryarwa, ba wajibi ba. To amma wa aka shiryar? Sahabbai, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mu ne za mu ce rubutu rashin yarda ne?

Abin ba wuya. Takarda ɗaya ta yarjejeniya: sunan mai sayarwa da na mai saye, lambar mota, lambar injin, lambar shasi, kuɗin da aka biya, abin da ya rage da ranar biyansa, sa hannun shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafinsa. Daga nan sai ofishin lasisin motoci na jiha a canza mallaka, a fitar da takardar shaida da sunanka. Kai ma mai sayarwa, don kanka kake yi. Ranar da motar ta buge mutum direba ya gudu, ko aka yi ɓarna da ita, sunan da ke rajista za a bi, ƙofar gidanka za a ƙwanƙwasa.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, tafi da bakanikenka. Na taɓa tsayawa a kan wani yana goge lambar shasi da tsumman fetur, yana karantowa ina bin takarda da yatsa. Haruffa da lambobi 17 ne. A na 12 takarda ta ce 8, ƙarfe ya ce 3. Dillali ya ce kuskuren mai buga takarda ne, Alhaji, ba komai. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma kuskure a ofishin da ya fitar da takardar ake gyara shi, kuma mai sayarwa ne zai gyara kafin kuɗi su fita. Haka takardar kwastam: tun farkon 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka in aka ce maka 'yar Kwatano ce sabuwar shigowa, tambayi ta inda ta bi, ka je ofishin kwastam a tantance kafin a tsayar da kai da iyali a hanya.

Wanda takardunsa suka ɓata ko suka ƙone, hanyarsa sananniya ce: rahoto wurin 'yan sanda, takardar rantsuwa a kotu, sannan ofishin lasisi su sake fitar maka. Akwai wahala, akwai layi, na sani. Amma kada ka bi wanda zai ce kawo wani abu gobe ka karɓa. Takardar jabu shaidar zur ce da aka buga wa tambari, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai.

Ku kuma 'yan uwana dillalai, la'ada halal ce, Allah Ya ƙara buɗi. Sai dai Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakim bin Hizam cewa idan masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar cinikin. Aibin mota ba a giya da injin kaɗai yake ba. Bashin da ake bin ta aibi ne, magajin da bai sa hannu ba aibi ne.

Jiya da safe ƙaramin ɗan mamacin ya fito da bokiti yana wanke gilashin Golf ɗin. Zama na gaba a kotu sai bayan Sallah. Allah Ya jiƙan iyayen biyu, Ya daidaita tsakanin 'ya'yansu.