Sun ɗauki muryar tsohonsu kafin ya tafi, mu ina ta namu?

Wata asuba cikin hunturu mun tashi daga aikin dare, motata ta ƙi tashi. Wani abokin aikina Bature, yaro ne da bai kai talatin ba, ya ce in zo ya rage mini hanya. Motarsa irin akori-kurar nan ce da mutanen jihar Tennessee suke ji da ita, manyan tayoyi, baya cike da igiyoyi da akwatin kayan aiki. Yana murza makulli sai wata murya ta cika motar. Nan take na gane ta. Don Williams ne, mawaƙin kantiri, wato waƙar karkara ta Amurka, wanda na tashi ina ji a rediyon Babanmu da hantsin Lahadi, da kuma cikin motocin haya na hanyar Kaduna zuwa Jos. Sai dai waƙar ban san ta ba, muryar kuma ta ƙara nauyi, ta ƙara yin ƙasa, akwai ɗan kaushin tsufa a cikinta, amma natsuwar nan tana nan yadda na san ta.

Da ya ga na yi shiru sai ya miƙo mini kwalin faifan. Sunansa Reflections, ya fito a 2014, lokacin mutumin yana da shekara 74. Waƙa goma ce a ciki. Na zaro 'yar takardar da ke cikin kwalin ina dubawa da hasken waya: ga sunan wanda ya rubuta kowace waƙa, ga waɗanda suka kaɗa jita, ga mai ganga, ga masu amshi, ga Garth Fundis wanda ya shirya faifan, mutumin da suka daɗe suna aiki tare tun zamanin da Don Williams yake tashe. Ba a bar kowa a baya ba.

Na ce masa ai a ƙasarmu mun san wannan bawan Allah, wataƙila ma mun fi su sonsa. Ya yi mamaki ƙwarai. Sai ya ce, to ku wa ke gare ku kamarsa, in sa masa faifansa na ƙarshe ya ji. Na buɗe YouTube da ƙarfin gwiwa na nemo Ɗan Maraya Jos. Abin da ya fito hoton bidiyo ne dishi-dishi, iska na kaɗa makirfo, janareta na ruri a gefe, kuntigin da ƙyar ake jin sa. Babu shekara, babu sunan wurin, wanda ya ɗora ma bai rubuta sunan waƙar daidai ba. Yaron ya saurara cikin ladabi, ya ce da alama akwai daɗi, sai dai ba ya jin kayan kiɗan sosai. Wallahi bai faɗa da raini ba. Amma har na isa gida ƙirjina yana mini zafi.

Bari in gaya muku yadda abin yake a nan Amurka. Don Williams haifaffen jihar Texas ne, 1939. Waƙoƙinsa 17 sun hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri. A 2006 ya yi sallama da yawon wasa ya koma gida, a 2010 ya dawo, a shekarar ce kuma aka shigar da shi zauren karrama manyan mawaƙan kantiri da ke birnin Nashville na jihar Tennessee. Wani ƙaramin kamfani, Sugar Hill, ya kai shi sitidiyo. A 2012 suka fitar da And So It Goes, faifansa sabo na farko tun 2004, inda Alison Krauss da Vince Gill da Keith Urban, mutanen da kowannensu yake cika filin wasa shi kaɗai, suka zo suka raɓa masa. Sai na 2014. A 2016 ya ajiye waƙa gaba ɗaya, a watan Satumbar 2017 ya rasu yana da shekara 78. Ku duba tazarar. Da sun yi jinkirin 'yan shekaru kaɗan, da shi ke nan.

Zauren nan na Nashville na shiga shi da ƙafata. Ƙaton gini ne a tsakiyar gari, sanyin na'ura ko'ina, haske a dushe don kada ya ci kayan. Cikin akwatunan gilashi za ka ga jitar wane, takalmin kaboyin wane, rigar da wance ta sa a wasan kaza, har da takardar da mutum ya fara rubuta waƙa a kai da alƙalami, duk da goge-gogenta. 'Yan makaranta suna shigowa layi-layi da malamansu. Can gaba kaɗan akwai unguwar da suke kira Music Row, gidaje ne na zama da aka mayar ɗakunan ɗaukar sauti, titi shiru, itatuwa a jere, ba za ka taɓa cewa daga nan waƙoƙin da muke ji a Zariya suka fito ba. Shirin rediyonsu na Grand Ole Opry kuwa tun 1925 ake yin sa, kuma har yau tsoho da yaro dandali ɗaya suke hawa a dare ɗaya.

Kada wani ya ce na zo Amurka kaina ya juye. Na san halinsu. Mutanen nan yaro yana kiran sa'an kakansa da sunan yanka, iyaye kuma gidan tsofaffi ake kai su, na gani da idona, abin ba daɗin gani. A harkar kiɗan ma ba tausayi ne ya yi musu yawa ba. Gidajen rediyonsu na kasuwa suna ture mawaƙi da zarar furfura ta fito. Johnny Cash da kansa, shahararren mawaƙin kantiri, kamfanin Columbia ya sallame shi a 1986, sai a 1993 wani mai shirya faifai, Rick Rubin, ya zaunar da shi da jita ɗaya ya fara ɗaukarsa, suka ci gaba har gab da rasuwarsa a 2003. Mu kuwa Shata ya ga gata a hannun sarakuna da attajirai, motoci da dawaki da riguna, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Malaman jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce a kan makaɗan baka, Allah ya saka musu.

To amma mota tana tsufa, riga tana yagewa. Ni muryar nake magana. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, shekara ɗaya kacal bayan wancan faifan da na riƙe a mota. A shekarun nan Kano da Kaduna da Jos cike suke da sitidiyo, yara suna kwana a kan fiyano suna buga waƙoƙin fim. Me ya hana a ce kowane dattijon makaɗi da ya rage an ɗauko shi da kalangunsa ko kotsonsa da 'yan amshinsa, an rufe ƙofa, an kashe waya, an ɗauke shi tsaf, an rubuta sunan kowa da ranar? Kuɗin liƙin dare ɗaya na bikin 'yar wani mai kuɗi ya isa ya yi wannan aikin. Za a ce masu tura waƙa a waya sun kashe kasuwa, ba riba. Gaskiya ne. Amma Loretta Lynn, mawaƙiyar kantiri, tana da shekara 72 wani matashi, Jack White, ya je ya shirya mata faifai a 2004, kuma shi mai kiɗan zamani ne da sunansa ya riga ya yi nisa. Ya ga tsohuwa ce mai abin faɗa, ya je ya same ta.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a zuciyarmu makaɗi maroƙi ne. Muna rawa da kiɗansa, muna kuka da waƙarsa, in ya wasa kakanninmu mu zazzage aljihu, amma in ɗansa ya zo neman aure gidanmu sai a fara kallon-kallo. Wanda ka ɗauka maroƙi ba za ka yi tunanin adana muryarsa ba. Ranar da ƙafarsa ta daina ɗaukarsa zuwa gidan biki, ranar aka daina nemansa.

Da rana ta yi na kira gida. Na ce, “Yaya, kasetocin Baba fa, waɗanda ke cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado?” Ya yi jim, ya ce, “Ƙanena, ai damina ta shiga ɗakin shekarun baya, duk sun manne. Yara sun zare zaren wasu suna wasa da shi, sauran an zubar.” A cikinsu akwai wanda aka ɗauka ranar bikin Yayarmu, mai kalangun garinmu yana wasa Baba, ana jin muryar Baba da kansa yana cewa a ƙara masa. Ban ga laifin Yaya ba, shi ke riƙe da gidan gaba ɗaya, ga ciyarwa ga kuɗin makaranta.

'Ya'yana a nan aka haife su. Babbar tana iya rera waƙar kantiri daga farko har ƙarshe, don ita take ji a motar makaranta da cikin kanti. In na sa musu Ɗanƙwairo sai ƙaramin ya toshe kunne ya ce ƙara ta yi yawa, kuma ba ƙarya ya yi ba, kwafin kwafi ne da aka juya daga tsohon kaset. Hausarsu dama tangal-tangal take, ta yaya za su tsinci kalma a cikin wannan shuu? Mai kalangun garinmu yana raye, Yaya ya ce ya daina fita sai dai a same shi a zaure. Na riga na sayi 'yar na'urar ɗaukar sauti da makirfo biyu, na kuma ce wa Yaya ya je ya gaishe shi, ya shaida masa ina tafe da babbar sallah in Allah ya kai mu, ya nemo mini yaransa na amshi duk inda suke, kuɗin motarsu a wuyana.